Wane Ya Rasu, Wane Ya Mutu

Anguwan Rogo, Jos.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko sai da ka sauka Abuja. Allah Ya tsare maka hanya tun daga gangaren Hawan Kibo har inda za ka kwantar da kanka, Ya raba ka da direba mai gaggawa da abokin zama mai mugun nufi.

Ka san ba ma doguwar magana ni da kai. Kai ne ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, don haka tun kana goye nake kallon gefe idan ana zancenka. Ƙannenka sun sha faɗa sun sha lallashi, kai kuwa da "ka ci abinci?" da "Allah Ya yi albarka" ka tashi. To abin da bakina ya kasa faɗa a tsakar gida yau hannuna zai faɗa, kuma ba ka da damar miƙewa ka ce ana kiranka a waje. Ina rubutu ina mamakin ikon Allah. Yaron da ya daɗe bai fara magana ba har kakarsa ta fara nemo masa rubutun sha, shi ne zai yi magana a ji shi har Nijar da Gana.

Za ka fara karanta labaran Hausa a gidan talabijin ɗin da kowa ya san mai shi ɗan siyasa ne, ga zaɓe na tafe. Shekaranjiya da kawunka ya yi maka wannan zancen ka ce masa, "Kawu, ni dai ba zan yi ƙarya ba, shi ke nan." Ina kicin na ji ka. Na ji daɗi, sannan gabana ya faɗi, domin sak abin da na faɗa ke nan lokacin da aka ɗauke ni aiki a wani gidan talabijin na gwamnati a garin nan. Na yi shekaru ina fassara labarai ina karanta su, ban tuna ranar da na faɗi abin da na san ƙarya ne ba. Duk da haka akwai gidaje a Jos da idan fuskata ta fito sai a rage murya har in gama. Abin da nake jiye maka tsoro ke nan, shi kaɗai. Ba na son ka zama muryar da rabin garinku ke ragewa.

Bari in fara da girman abin da za ka riƙe, don ni ban san girmansa da wuri ba. A situdiyo ba ka ganin kowa. Fitila ce a idonka, da kyamara, da wani mutum yana ɗaga maka hannu. Na daɗe ina ɗauka da baƙin gilashin nan nake magana. Sai wata shekara muka je bikin wata abokiyar aiki a wani ƙauye can bayan Bokkos, inda kwalta ta ƙare sai duwatsu da gonakin dankali. Da yamma ta yi na ga mutane suna ta gangarowa daga tuddai, maza da fartanya a kafaɗa, mata da goyo, duk sun nufi gidan wani malamin makaranta. Na bi su. Ƙaramin talabijin ne a kan kujera an haɗa shi da batirin mota, kuma shirin mako da na ɗauka kafin in taho ake nunawa. Na tsaya a baya ina jin muryata tana fita a tsakanin duwatsun nan, mutane sun yi tsit, har mai tari yana danne tarinsa. Wallahi Abba, tsigar jikina ta tashi. Ni da nake faɗa da ku a kan wanke kwano, ga tsofaffi sun miƙa wuya kada kalmata ɗaya ta wuce su.

Wata tsohuwa ta waigo ta gan ni, ta dubi akwatin, ta sake dubana. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Ke ne? Mu a nan sai kin faɗa muke sani abu ya faru. In ba ki faɗa ba, bai faru ba."

Kuskurena na farko a nan yake. Na ɗauki maganarta yabo ce. Na dawo Jos ina taku ɗai-ɗai, na ba kowa labari a ofis har suka gaji da ni. Sai daga baya na gane tsohuwar ba yabona take yi ba. Gaya mini take yi ba su da wata taga sai ni, duk abin da na rufe ya rufu a gare su. Za ka ce yanzu kowa da wayarsa, zamanin ya wuce. Bai wuce ba. Har gobe idan jita-jita ta cika waya, mutane jira suke su ji ta a bakin mai karanta labarai kafin su yarda. Idan wani ya tare ka a kasuwa ya ce yana kallonka, ka gode masa, in ka koma gida ka tambayi kanka abin da ka hana shi gani a makon.

Kuskure na biyu mahaifinka ne ya kamo shi, Allah Ya jiƙansa. Ka san shi da siyasa. A shagon ɗinkinsa na Dilimi keke na gudu baki na gudu, kuma duk wanda ya hau mulki, ko shi ya zaɓe shi, kashegari ya zama abokin adawarsa. Wata rana na dawo daga aiki na zuba masa tuwo, ya ɗanɗana, ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ina iƙirarin cewa gishiri ya yi yawa a miyar nan."

Na ce, "Iƙirari kuma? Ai ko ya yi yawa ko bai yi ba."

Ya ce, "A'a, ni ɗan adawa ne a gidan nan, iƙirari kawai zan iya. Ke ce gwamnati. In kin ɗanɗana sai ki bayyana mana, ko ki tabbatar."

Na yi dariya. Kashegari da na zauna fassara sai na sa wa hannuna ido. Gwamna "ya bayyana". Kwamishina "ya tabbatar", ko "ya jaddada". Shugaban 'yan adawa kuwa "ya yi iƙirari", in ya ci sa'a "ya yi zargi". A Turancin da aka miƙo mini kalma ɗaya aka ba su duka, ni ce na raba musu riguna, wannan babbar riga, wancan 'yar shara. Ba wanda ya umarce ni. Haka na tarar ana yi, haka kunnena ya saba, har nake jin in an ce gwamna "ya ce" kawai, an yi masa rashin kunya.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo daga baya. Aka yi zaɓe, mulki ya koma hannun masu adawa. Ba taro ba sanarwa, mutumin da ya daɗe yana iƙirari a bakina ya fara bayyanawa, wanda ya sauka ya koma iƙirari. Harshena ya sauya sheƙa tun kafin 'yan siyasar su sauya. Na ji tsoron kaina, na kuma yi mamakin ɗan naman nan da ke bakinmu, yadda yake gane mai mulki tun zuciya ba ta yanke shawara ba.

Don haka ka riƙe "ya ce". Kalma ce marar ado, kowa tana yi masa daidai, daga mai gidan talabijin ɗinku har wanda ke neman kayar da shi. In ka ga hannunka ya kai ga wata kalmar, ka tsaya ka tambayi kanka, da ɗayan ne ya faɗi wannan, ita zan ba shi? Editanka zai ce Hausarka ta yi talauci. Ka bar shi ya ce, ni ma an gaya mini haka.

Yanzu zan kawo maka zancen Anti Ladi ta Gada Biyu, wadda kuka sani da kawo muku cincin da Kirsimeti kuna yara, sannan kuka daina ganinta ba wanda ya gaya muku dalili. Ita ke karanta labaran Turanci, ni na Hausa. Tebur ɗaya muke zama, a madubi ɗaya muke gyara ɗankwali. Ban taɓa ganin mace mai tsayayyar zuciya irinta ba.

A ofishinmu akwai maganar da ke kashe kowane labari, ita ce "daga sama". Oga zai leƙo ya ce, "Wannan taron na 'yan adawa a cire, daga sama aka ce." Sai a cire. Ko a nuna mutum bakinsa na ta motsi, an kashe muryarsa an ɗora tawa a kai ina taƙaita shi a layi ɗaya. Wata rana 'yan fansho suka yi zanga-zanga, tsofaffi da sanduna, har wata ta faɗi a rana. Oga ya ce a cire. Ladi ta ajiye biro ta ce, "Oga, sama wane? Ka faɗa mini sunan shi, in san wanda nake yi ma biyayya." Oga ya kasa kiran suna. Ta karanta labarin a Turanci da yamma, ni kuwa da lokacin Hausa ya zo na tsallake shi. Aka mayar da ita shirin yara, ta daɗe tana tafi da rera waƙa da 'yan firamare kafin a dawo da ita. Na bi ta har gida ina ce mata ta je ta ba da haƙuri, tana da 'ya'ya. Ta ce, "Binta, ni ma don yaran na yi."

Inda na yi kuskure shi ne na ɗauka sama tana magana kullum. Bayan an daɗe na haɗu da kwamishinan yaɗa labarai na lokacin a wata walima, ya riga ya sauka, na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen 'yan fanshon. Ya rantse bai ma san da labarin ba. Ko gaskiya ya faɗa ko a'a, na lura daga baya cewa sau da yawa ba wanda ya bugo waya. Oga ke hasashen abin da zai ɓata wa manya rai, mu kuma muna hasashen abin da zai ɓata wa oga rai, sai ga mu muna gadin ƙofar da ba wanda ya ce a tsare. Ban ce maka sama ba ta magana ba. Tana yi, kuma a gidan da mai shi ke takara za ta yi da ƙarfi. Amma ka tambaya da ladabi, wa ya ce. In akwai suna, ka san da wanda kake, sai ka nemi zaɓin Allah ka yi abin da za ka iya kwana da shi. In babu suna, tsoron wani ne ake son ka ɗaukar masa, ba dole ka karɓa ba.

Abin da ya raba ni da Ladi kuwa ba wannan ba ne. Kalma ɗaya ce, kuma ita ta sa na zauna rubuta maka duk wannan.

Aka yi rashi biyu a tare. Wani Alhaji, jigo a jam'iyya mai mulki, da mahaifin Ladi, tsohon hedimasta wanda ya zama dattijon 'yan adawa a ƙaramar hukumarsu. Rana ɗaya labaransu suka zo teburina. Na Alhaji ya zo da hotuna, gwamna zaune a tabarmar ta'aziyya. Na mahaifin Ladi layi biyu ne a ƙarshe, kafin wasanni. Tsawon ba ni na yanka ba, amma fassara tawa ce. Na ce Allah Ya yi wa Alhaji wane rasuwa, marigayin ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Da na iso ƙasa na ce tsohon hedimasta wane ya mutu bayan gajeriyar jinya. Na tattara takarduna na tafi gida, ban ji komai a raina ba. Kashegari na cika kula da abinci na tafi yi mata gaisuwa.

Gidan cike yake da mutane, mata suna waƙoƙin coci a hankali. Da na shiga sai waƙar ta ragu. Ladi ta taso ta karɓi kular, ta ja ni bayan ɗaki inda ba kowa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Binta, jiya duk muna nan muka kalli labarai. Mama ce ta ce a kunna, ƙawar Ladi za ta faɗi sunan Baba."

Na ce, "Ai na faɗa."

Ta ce, "Kin faɗa. Alhaji ya rasu, Baba ya mutu. Hausa na bai kai naki ba, amma a Jos aka haife ni. Ranar da akuyan ku ya ci leda, cewa kika yi ya mutu."

Na buɗe baki in ce haka aka saba faɗa, ba da wata manufa ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Na sani. Shi ya sa ya fi zafi. Da oga ne ya sa ki, da na ce aiki ne."

Na fito ban ma ɗauki kulata ba. Ina tafe ina jujjuya kalmar. Ni da nake cin abinci da Hausa, ban taɓa tsayawa na dubi "rasuwa" ba. Daga rashi ta fito. Wanda ya rasu an rasa shi ne, akwai waɗanda suka duba inda ya saba zama ba su gan shi ba. Kalmar ba ta ce komai a kan makomarsa ba, wannan na Allah ne, masu rai take kallo. Ni ba malama ba ce, amma na ga mahaifiyar Ladi da idona, zaune a tabarma ta rasa mijinta. Na yi mamakin mutanen da suka fara furta kalmar nan, irin tausayin da suka zuba a cikinta, sai mu muka zo muna zaɓen wanda za mu ba. Har na iso gida ban gama mamakin ba.

Mutanen Ladi ba a kuskuren Binta suka ɗauki abin ba. Cewa suka yi gidan talabijin na gwamnati ya nuna musu matsayinsu, ɗan jam'iyya mai mulki mutum ne, nasu kuwa ko a makara ɗan adawa ne. Ƙanwarta ce ta gaya mini, tun daga ranar idan lokacin Hausa ya yi sai a rage murya a gidansu da gidajen maƙwabta. Na koma na ba Ladi haƙuri, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma zumuncin bai koma yadda yake ba. Sannan shekarun da gari ya rikice suka zo, kowa ya koma unguwarsu, zuwa gidan ƙawa ya zama abin da sai an yi shawara.

Na gyara bakina, kowa "ya rasu" nake ce masa. Sai wasu 'yan unguwarmu suka fara gunaguni, har wata mata ta tare ni a wajen suna ta ce an saye ni. A nan na sake yin wani kuskuren, mai daɗin faɗa. Na riƙa cewa tunda can ana zagina nan ma ana zagina, lallai a tsakiya nake. Kada ka jingina da wannan. Mai yiwuwa ka yi daidai, mai yiwuwa kuma duka biyun ka cuta. Ka saurari abin da kowanne ya ce ka yi, ka koma ka duba. Matar wajen suna ba ta da hujja, na bar ta da bakinta. Ladi tana da hujja.

Makon jiya na ji Ladi ba ta da lafiya, ciwon ƙoda, ta daɗe a kwance. Na hau Keke Napep na tafi Gada Biyu ban gaya wa kowa ba. Ta rame ƙwarai, amma idon nan da ya tsare oga yana nan. Muka yi hira, muka yi dariyar shirin yara. Na gaya mata ka samu aiki, na gaya mata inda ka samu. Sai ta sa aka nemo mata tasharku aka bar ta a kai. Ta ce, "Zan kalle shi. Da murya."

Da na tashi tafiya ta riƙe gefen mayafina. Ta ce, "Binta, ni ma an ɗan san ni a garin nan. In nawa ya zo, wataƙila su ba ni layi biyu kafin wasanni, wataƙila yaron ki ne zai karanta. Ki gaya mishi ya zaɓa mini kalma mai kyau."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kuka, ita mai ciwon ce ma take ba ni haƙuri.

To na gaya maka. Ina roƙon Allah Ya ba ta lafiya Ya nisanta wannan ranar. Amma ka sani tun daga labaranka na farko tana nan kwance a gaban akwatin, ita da duk wanda ke gidan, suna jin kowace kalma da za ka ba mai gidanku da wadda za ka ba abokin takararsa. Ni na daɗe ina neman su sake saurarena ban samu ba har na bar aiki. Kai an ba ka tun ba ka buɗe baki ba. Kada ka sa ta miƙa hannu ga rimot.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin manya da sharrin abin da harshe ya saba. Ya sa duk sunan da zai bi ta bakinka ya fita da mutuncinsa, na mai mulki da na wanda ba shi da kowa. Ya dawo mana da kai Jos kana iya shiga kowace unguwa kanka a ɗage. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Ummanka.